Dutsen Niƙan da Na Kai Gummi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai dutsen niƙa Gummi ba, kuma har yau in aka tambaye ni dalili ba ni da amsa. Me zai sa mace da hankalinta, mai jikoki, ta ɗauki dutsen niƙa tun daga Anka ta kai shi garin da kowane lungu akwai injin niƙa? Na tambayi kaina a ranar, na tambayi kaina ina cikin takaba, jiya ma na sake. Luba 'yata, wadda nake faɗa tana rubutawa don ni ban yi karatu ba, ta ce in ce aikin shaiɗan ne. Ban yarda ba. Ba shaiɗan ne ya kama min na ɗaga ba, Kulu ce, ƙanwar maigidana.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, mai walda ne. Malam nake ce masa, kowa ma haka yake ce masa. Lokacin da hanya ke lafiya, kafin ruwa ya sauka yakan ɗauki injinsa ya zaga ƙauyuka yana gyaran garmar shanu da amalanke, har Nasarawa Burkullu da can cikin ƙasar Bukkuyum. Abin da ya fi tsana a duniya shi ne kwana a zauren mutane. Yana da minshari, yana kuma da kunya, biyun nan ba sa zama lafiya a gidan wani. Shi ya sa ya samo tayoyi biyu na wata matacciyar mota da ƙarfen da ya haɗa su, ya gina akwatin ƙarfe a kai, ya yi masa dogon baki da ake maƙalawa a bayan tsohuwar motarsa. A saman akwatin ya naɗe tamfol irin na manyan motoci. In an isa sai a sauke ƙafafu biyu na baya, a buɗe murfin, a ɗaga sanduna, a ja igiya a kafa turaku, sai ga ɗaki ya tsaya. Da katifa, da gidan sauro, har da 'yar taga da ya yanka ya sa mata raga. Shi tanti yake ce masa. Mutanen unguwarmu akurki suke cewa, yara kuwa in mun wuce sai su bi mu suna kukan kaza.

Da tantin nan muka yi ta tafiya da yara, biki da suna da gaisuwar mutuwa. Kuma a duk tafiya, a kan shirin kaya kawai muke samun saɓani. Malam yana da dokarsa. Kaya mai nauyi a tsakiya yake zama, daidai kan tayoyi, ya ɗan karkata gaba. Abin da za a fara nema in an sauka shi ake sawa ƙarshe: buta, tabarma, guduma da turaku, a bakin ƙofar baya. Kananzir ba ya kusantar abinci. In abu yana ƙara in an girgiza, to bai zauna ba, sai an sake. Ni kuwa dokata ɗaya ce, in na ga gurbi sai na cika shi. (A unguwarmu ni ake kira in za a ɗaure kayan amarya, don na iya cusa kayan ɗaki biyu cikin na ɗaya. Abin ya shiga kaina, ban ɓoye ba.)

Shekarar da Luba ta yi haihuwa ta biyu a gidan mijinta a Gummi, uban mijin, Alhaji Garba, ya aiko wa Malam da saƙo. Ya ce in za mu zo suna mu taho da tantin. Akwai abokansa masu atamfa da 'yan koli da ke bin kasuwa kasuwa suna kwana a ƙarƙashin mota, ya ba su labari, suna son su gani da idonsu. Na san abin da ke ran Malam. Idonsa ya fara gajiya da wutar walda, bayansa ya gaji da hanyar ƙauye. In mutanen nan suka ce a yi musu irinsa, zai zauna a shagonsa ya yi aiki a inuwa, ya huta da yawo. Sati guda yana goge tantin nan. Ya yi masa sabon fenti, ya ɗinke inda tamfol ya yage, har turakun sai da ya wanke.

Ni kuma ina nawa shirin. Gero na kunun kanwa, kanwar kanta, man shanu, daddawa, ƙafafun sa da aka babbake, kayan jariri, da yaji cike da babbar fanteka, wanda na daka da hannuna na tankaɗe har sau biyu. A lura da wannan: yajin na riga na gama shi a gida. Geron ma an surfe an niƙa. Babu abin da ya rage da zai nemi dutse.

Da safen tafiya Malam ya shirya komai da kansa. Ya ɗaga bakin tantin da hannu ɗaya ya ji nauyinsa, ya gyaɗa kai, ya maƙala shi a mota, ya tafi yi wa yayansa sallama. Sai na leƙa ta ƙofar baya na ga gurbi. Tsakanin tabarmi da ƙofa, wuri ne mai kyau, babu komai a ciki. Na waiga, idona ya faɗa kan dutsen niƙan da na gada wurin Innata, yana jingine a gindin rumbu. Wallahi iyakar abin da ya faru ke nan. Na ga gurbi, na ga dutse.

Kulu ƙanwar Malam ce, da ita za mu tafi, kuma tun ina amarya muke wasa da ita. Na ce ta zo ta kama min.

"Matar yaya, mi za ki yi da dutse a Gummi? Ko can ba su da duwatsu?"

"Ke dai kama."

"In yaya ya gani ba ruwana. Ni ban gan ki ba, ke ma ba ki gan ni ba."

Muka ɗaga muna nishi muka tura shi. Don kada Malam ya gane shi in ya leƙa, kuma don kada ya yi ƙara, sai na naɗe shi. Na duba ban ga tsumma a kusa ba, na ɗauko zane na biyu na sabuwar atamfar da na ɗinka don sunan, irin wadda ke jikina, na lulluɓe shi tsaf. Na sa ɗan dutsen a gefe. Da na ga har yanzu da sauran wuri, na ciro fantekar yaji daga tsakiya inda Malam ya ajiye ta, na ɗora a kai, na rufe ƙofa.

Tun kafin mu bar Anka tantin ya fara rawa. In Malam ya ɗan taka mota sai bayan ya riƙa kaɗawa dama da hagu kamar wutsiyar saniya. Ya rage gudu, ya daina. Ya ƙara, ya dawo. Da muka wuce inda ake ratsewa zuwa Bukkuyum sai ya tsaya a gindin wata tsamiya, ya sauka ya danna tayoyi, ya duba maƙalin, ya dawo ya leƙo ta taga.

"Innar Luba, kin ƙara wani abu baya?"

"Ni? Ɗan abin da ba a rasa ba dai."

"Mai nauyi?"

"Ba wani nauyi."

Kulu ta juya kai tana kallon gonaki, kafaɗunta na motsi. Malam ya dube ni, ya dubi ƙanwarsa, ya shiga ya tayar da mota. Haka muka ƙarasa a hankali, masu babur na wuce mu, har wani mai raƙumi ya daɗe yana tafiya kusa da mu.

Bayan la'asar muka isa, ana gobe suna. Ƙofar gidan Alhaji Garba cike take da maza a kan tabarmi. Ga liman, ga 'yan kasuwar da aka tara don su ga tanti, ga mijin Luba yana zuba wa baƙi ruwa. Kulu ta ja mayafi ta shige cikin gida. Ni ma abin da ya kamata in yi ke nan. Amma tunda muka bar tsamiyar nan na san in Malam ya buɗe a gaban mutane dutsen ne zai fara gaishe shi. Sai na yi dabara. Na ce bari in zagaya ta baya yayin da suke gaisawa, in jawo dutsen in sauke shi a gindin katanga, in an gan shi daga baya a ɗauka na gidan ne. (Dutsen da mu biyu muka ɗaga da ƙyar. Ban san inda hankalina ya tafi ba.)

Na buɗe ƙofar baya a hankali. Dutsen ya zame ya maƙale a jikin tabarmi, bai jawuwa daga ƙasa. Na tattare zanena na hau, na durƙusa a kan gwiwa, na juya baya ga ƙofa, na rungume shi ina ja.

Ina jin muryoyinsu daga gaba. Wani ya ce, "To Malam, in an isa kasuwa, dole sai mota na riƙe da shi?" Malam ya ce, da muryar nan tasa ta mai nuna aikinsa, "A'a. Fil ɗaya za ka zare. Yaro ma na iya riƙe bakin da hannu ɗaya. Ku duba."

Ya saba, kullum nauyin a gaba yake, bakin ƙasa yake nema. Ranar kuwa a baya akwai dutse, da ɗan dutse, da fantekar yaji, da ni, kuma ni ba ƙaramar mace ba ce. Ƙafafun baya ba a sauke su ba. Na ji ƙarar fil ɗin, sai na ji duniya ta juye.

An ce bakin ya tashi sama ya ɗauke hular Malam. Ni ban gani ba. Abin da na sani shi ne bayan tantin ya daki ƙasa, na fito da baya ta ƙofa, na zauna daɓas a tsakiyar titi, na kwanta rigingine, ƙafafuna a sama. Dutsen ya biyo ni, Allah ya taimake ni ya bi ta gefena ya tsaya. Tabarmi, buta, guduma, turaku, duk abin da Malam ya jera don a fara nema, suka sauko a kaina a jere yadda ya tsara su. Fantekar yaji ce ta zo ƙarshe. Ta daki dutsen, murfin ya yi nasa wuri.

Yaji ne na mai jego, ban yi masa rowar barkono da citta ba. Iska kuma ta ɗebe shi ta kai wa masu tabarma. Liman ne ya fara atishawa, kafin a ce masa yarhamukallahu kowa ya kama. Manyan mutane da rawani da babbar riga, kowa na tari yana share hawaye yana neman hanya. Ni ina kwance ina nawa atishawar, hannu ɗaya na jan zane ƙasa, ɗaya na laluben ɗankwali.

Wanda ya fara isowa kaina mijin Luba ne. Yaron nan tunda ya auri 'yata bai taɓa haɗa ido da ni ba. In zai gaishe ni daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ni kuma in amsa ina kallon bango. Ga shi tsaye a kaina, bai san ya kama ni ba ko ya gudu. Ya miƙo hannu, ya janye, ya sake miƙowa yana kallon sama.

"Inna, sannu. Sannu, Inna. Inna..." Sai atishawa ta ƙwace masa.

Na ce masa, ina kallon gefe, "Je ka abinka, ɗan nan. Hutawa nike."

Hutawa. A tsakiyar titi, da buta a kan cikina.

Malam ne ya zo ya ɗaga ni, ya kakkaɓe min baya, ya miƙo min mayafina. Kansa ba hula. Da tarin ya lafa sai na ji wani daga cikin masu atamfa yana cewa a hankali, amma yadda kowa zai ji, "Alhaji, wanga abu in mutum na barci ciki ya yi haka fa? Da kayan mutane a ciki?" Wani ya ce, "Ai ba a banza anka ce mai akurki ba." Aka yi 'yar dariya. Na dubi Malam. Fuskarsa ba ta canza ba, amma na ga yadda ya riƙe fil ɗin nan a hannunsa, na san aikin inuwar da yake fata yana tafiya.

Alhaji Garba ya taɓa ƙullin da ke ƙasa da sandarsa ya ji tauri. "Malam, wanga fa? Dutse na?"

Malam ya ce, "Nawa na. Ni na sa shi, don in gwada ƙarfin tayoyi."

Ya zaɓi a ce bai san aikinsa ba da a yi dariyar matarsa. Ni kuwa na sunkuyar da kai. Ban taɓa ɗaga murya a gaban maza ba, balle surukai.

Sai aka ji murya daga bakin zaure. Hajiya Ai ce, uwar mijin Luba, ƙarar ta fito da ita, mata na leƙe ta bayanta, har da Kulu tana toshe baki da mayafi.

"Malam, a gafarce ni. Yaushe ka fara ɗaura atamfa? Ku dubi zanen da ke jikin dutsen, ku dubi na jikin baƙuwata. Anko sunka yi."

Kowa ya dubi dutsen, ya dube ni. Ganye kore da tsuntsaye ja, a jikina da jikinsa, har ɗinkin bakin iri ɗaya. Dariyar da aka yi a ƙofar gidan nan, liman sai da ya zauna. Na ja mayafi na rufe fuska gaba ɗaya, na ce ta cikinsa, "Ni ce. Bai sani ba." Ban san ko an ji ba. Hajiya Ai ta kama hannuna ta ja ni ciki tana cewa, "Taho, 'yar uwa, taho ki ga jikanki, ki bar musu ƙanenki su shigo da shi."

Sauran abin da ya faru, Kulu ce ta ba ni labari, don ta tsaya a zaure tana leƙe. Malam ya ɗauki hularsa ya kaɗe ya sa. Ya ce a kama masa dutsen, aka mayar da shi ciki, amma a tsakiya, kan tayoyi. Ya ɗaga bakin da hannu ɗaya ya sake shi, ya zauna a ƙasa lafiya. Ya sauke ƙafafun baya, ya buɗe, ya kafa turaku, ɗaki ya tsaya. Ya ce Alhaji Garba ya shiga, ya shiga, wasu biyu suka bi shi suka zauna har bakin ƙofa, ko motsi bai yi ba. Mai atamfar nan da ya fara kushewa shi ya fara cewa a yi masa nasa. Daga baya wasu suka biyo. Malam bai daina zuwa ƙauye gaba ɗaya ba, amma ya rage sosai.

Ni kuwa kwana uku na yi a Gummi ban ɗaga kai ba. Duk matar da ta zo barka sai ta gaishe ni ta ce, "Ina ƙanenki?" Mijin Luba ya koma gaishe ni daga bayan katanga. Jaririn an raɗa masa suna mai kyau, amma har ya yi gemu Na-Dutse ake ce masa. Malam bai yi min faɗa ba ko sau ɗaya. Washegari da safe da na kai masa kunu a tanti, ya tambaye ni ko ƙuguna na ciwo, na ce da sauƙi. Ya kurɓa, ya ce, "To mi za ki niƙa?" Na ce ban sani ba. Ya yi dariya har kunun ya sarƙe shi. Ranar komawa ya ce dutsen ba zai hau masa tanti ba. Yana nan gidan Luba har yau, a kansa ake zama a yi alwala.

Kuma duk wanda ya zo karɓar tantinsa a shago, Malam sai ya zaunar da shi ya koya masa shirin kaya, ya ƙare da cewa, "In maiɗakinka ta ce ɗan abin da ba a rasa ba ta ƙara, ka sauka ka duba." A gabana yake faɗi.

Abin da na koya ba shi da yawa. Ba kowane gurbi ne ake cikawa ba, wani an bar shi ne da gangan. In kuma har mace ta ƙudura sai ta ɓoye abu, to ta nemi tsumman da ba a san ta da shi ba.

Mun ƙara shekaru muna tafiya da tantin nan, ni ke shiryawa yadda yake so, yana zuwa ya ɗaga bakin ya gyaɗa kai. Sai hanya ta lalace da rashin tsaro, mutum ba ya kwana a waje da iyalinsa. Aka jawo shi cikin gida aka ajiye a gindin darbejiya, tayoyin suka sace, awaki suka mayar da ƙarƙashinsa wurin kwana. Yana nan. Ba na iya kallonsa sosai, kuma na hana a sayar. Luba ta ce in tsaya in share ido, na ce ta rubuta kawai, kukan ba ya hana ni magana.

Ciwon Malam bai daɗe ba. Da ya yi tsanani ɗanmu ya samo mota za a kai shi asibiti a Gusau, aka ce ni in zauna saboda ciwon ƙafata, in biyo daga baya. Ni na haɗa masa kaya: riga biyu, bargo, buta, carbi. Ƙulli ɗaya ƙarami. Na bi su har ƙofar gida na miƙa masa ta taga. Ya ɗora shi a cinya, ya ɗan ɗaga da hannu ɗaya yana jin nauyinsa.

"Iyakarsa ke nan?"

Na ce iyakarsa ke nan.

Ya yi murmushi, direba ya tayar da mota. Kwana biyu ya yi ya cika, aka dawo min da ƙullin, bargon ma ba a warware ba. Amma a ranar tafiyar, motar ta fara tafiya sai ya sa aka tsaya, na matso, ya ce:

"Koma ciki, Innar Luba, rana na dukan ki. Kuma ki hana awakin nan cin tamfol. In na komo, Gummi za mu."